Hannuwan Maruhum

Duk wanda ya mutu a Sosor Batu, ƙauyenmu na bakin tafkin Toba, cikin shekara arba'in ɗin nan, ta hannun Dameria boru Malau, wato 'yar gidan Malau, ya bi kafin ya shiga ƙasa. Ita ke wanka, ita ke ɗaure haɓa, ita ke sa wa namiji kwat ɗinsa ta zuwa coci, ta taje wa mace gashi ta naɗe shi yadda mai shi take so tun tana da rai. Mace ce mai faɗi, gajeriya, ga murya da ake ji daga gaɓar tafki har gonakin albasa na kan tudu. A wurin gwaggonta ta koyi aikin tun tana budurwa. Ranar farko sauran 'yan mata suka watse da gudu, ita kuwa ta tsaya riƙe da kwanon ruwa tana tambayar dalilin da ya sa ake haɗa manyan yatsun ƙafa a ɗaure. Gwaggon ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke dai ba tsoro, ba kunya. Matso nan." Tun daga ranar aiki ya samu mai shi.

Abin da ya fi ba mutane haushi da ita shi ne hirar da take yi da gawa. Tana wanka tana magana, tana kiran tsoho Ompung, wato kaka, tsohuwa kuma Inang, wato uwa. "Ompung, ɗaga hannun nan, kada ka ba ni wahala, wadda ka ba matarka ta isa." Ko ta ce da wata tsohuwa, "Inang, yau dai kin yi shiru, har na ji kewar bakinki." Wani malamin makaranta ya taɓa yi mata faɗa, wai tana raina mutuwa. Ta ce masa ƙwarai kuwa tana raina ta, kuma ba ita ta fara ba. Mutumin da za a tasa ran ƙarshe ai ba gungume ba ne da za a juya shi ba gaisuwa. Barci yake yi, mai tashinsa kuma, Yesu, ya san hanya, tunda shi ma an kwantar da shi a kabari ya fito da ƙafarsa. Haka ta ba da gaskiya, kuma ba ta taɓa rage murya don ta faɗa ba.

To, a wurinmu hannuwan gawa magana suke yi. Wanda ya rasu ya bar 'ya'ya maza da mata duk ya aurar, ga jikoki ta kowane ɓangare, shi ne ya gama aikinsa na duniya. Ana miƙar masa da hannuwa a gefen jiki, tafi a buɗe, a yanka ɓauna, a kaɗa ganguna, jikoki su yi ta rawa kewaye da akwatin. Wanda kuwa ya tafi da saura, ko akwai ɗan da bai aurar ba, ko bai haihu ba sam, hannuwansa a naɗe suke kwanciya a kan ƙirji, alamar yana riƙe da kayan da bai sauke ba. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa taka ta. Dameria ma ba ta taka ba. Ta naɗe na mutanen kirki da yawa tana tsaki, ta miƙar da na waɗansu da ko karen gidansu bai yi kewarsu ba, don kawai sun iya haihuwa.

Ita kanta ta san yadda nata za su kwanta. Tana da shekara ashirin da ɗaya ta auri Maruhum Sitanggang, kuma Allah bai ba su haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sa'o'inta duk suka bar sunayen ƙuruciya, suka zama Nai wane, uwar wane ke nan, daga baya suka zama kakanni, ita kuwa har furfura ta cika mata kai ana kiranta Dameria tsura. Abin ya ci ta ƙwarai. Ta yi shekaru tana ajiye kukanta sai lokacin yankan albasa, inda ba mai tambayar dalilin hawaye.

Rashin haihuwa ya kai ta coci, shi kuma ya kai shi rumfar bammi. A lokacin Maruhum matuƙin jirgin ruwa ne, ƙaramin jirgi mai inji da ke kai mutane da buhunan albasa kasuwar Laraba ta Pangururan. Su uku ne a wurin ubansu: babban, wanda yanzu ake kira Ompu Dorlan da sunan jikansa na fari, sai Maruhum, sai autansu Tumpal, saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu da aka riga aka sa wa ranar aure. Wata Laraba da la'asar Maruhum ya taso daga kasuwa a buge. Iska ta tashi a kan tafkin, kowa ya ce a dakata, ya ce shi ruwan Toba ya san shi. Ba su yi nisa da gaɓa ba jirgin ya kife. Mutum tara suka fita. Tumpal bai fita ba, igiyar kaya ta sarƙe masa ƙafa, ruwa ya riƙe shi kwana biyu. Dameria ce ta wanke shi, ita ta naɗe masa hannuwa.

Maruhum ya yi shekara biyu a kurkuku, ikilisiya kuma ta dakatar da shi. Da ya dawo ya rame kamar sandar kora, ya shekara guda yana zama a ƙarƙashin tagar coci daga waje, yana jin sujada ta bango. Ranar da ya shiga, a gaban jama'a ya tsaya ya ce, "Ba iska ba ce, ba ruwa ba ne. Ni na kashe ƙanena." Aka karɓe shi. Bai ƙara ɗanɗana bammi ba, bai ƙara tuƙa jirgi ba. Ya koma noman albasa, ya kuma ɗauki shebur ya zama mai haƙa kaburburan gari, har masu tsokana suka riƙa cewa in ka kuɓuce wa matar, mijin yana jiranka a kan tudu. Mutum ne mai shiru, mai dariya a ciki-ciki, kuma Dameria ta so shi a tsufansu fiye da yadda ta so shi a ƙuruciya.

Gari ya yafe, coci ta yafe, Ompu Dorlan bai yafe ba. Ya tattara ya koma birnin Medan, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya haifi shida ya aurar da shida. Duk sabuwar shekara yakan zo gida, a jeru ana gaisawa ana neman gafarar juna kamar yadda aka saba. In layi ya zo kan Maruhum ya miƙo hannu, a lokacin ne babban yake tuna yana neman ashanarsa a aljihu. Shekara talatin da ɗaya bai kama hannun ba, bai kuma ce masa ci kanka ba.

Ciwon ƙirji ya kama Maruhum a shekararsa ta saba'in. Wata safiya suna zaune a bakin ƙofa, yana lulluɓe da bargo, ita tana tsintar shinkafa, ya ce, "Ranar da za ki shirya ni, ki naɗe su da kyau. Ki ɗora dama a kan hagu, ki matse. Kada wani ya ce mun yi ƙarya."

"Ji tsoho," ta ce. "Yau kuma kai za ka koya mini aikina?"

"Ba ɗa, ba jika, ga Tumpal a wuyana. In akwai mai kaya a garin nan ai ni ne."

Ta ajiye faifan. "Shekara nawa kana zuwa teburin Ubangiji a coci?"

"Ashirin da takwas."

"To me kake zuwa yi? Kallon zannuwan matan mutane? Ka kai kaya gindin gicciye ka sauke, ka juya ka sake ɗauka ka dawo da shi gida, kamar mai tallan da bai yi ciniki ba. Ko Yesu ya ɗauka, ko bai ɗauka ba. Zaɓi ɗaya, ina da aiki."

Ya dubi tafkin ya ce, "Ya ɗauka."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Ya ɗauka, Dameria. Na sani. Jikina ne wani lokaci yake mantawa." Ya ja bargon. "Amma yayana, Abang, fa?"

"Abang ɗinka ba shi ya mutu dominka ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ta bubbuga masa baya.

Sati uku bayan nan, ranar Alhamis da hantsi, ya sha rabin kofinsa ya ce zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Dameria ta zauna a ƙasa kusa da shi ta yi kuka irin wanda ba ta yi wa kowa ba, kuka mai ƙona ciki, don mutumin da take dafa wa abinci shekara arba'in da bakwai ya tafi. Amma mai aiki ta san lokaci. Gawa tana da 'yan sa'o'i da take bin hannun mai juya ta, bayan nan yadda aka ajiye ta haka za ta zauna. Ta share fuska, ta aika a buga wa Medan waya, ta ɗora ruwa. Ta wanke shi tana yi masa mita a kan dattin da ke ƙarƙashin farcensa. Ta sa masa baƙar kwat. Sa'an nan ta kama hannun dama ta miƙar da shi a gefensa, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta zaga ta yi wa hagu haka. Kafin azahar ma'aikacin lafiya ya zo ya yi allurar da ke hana gawa lalacewa, jiki ya ƙage. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, kafin dattawa su sa takalmi aikin gama ya gama.

Sintua Naibaho, dattijon ikilisiya, shi ya fara shigowa. Ya cire hula, ya duba, ya sake dubawa.

"Inang, me nake gani haka?"

"Hannuwa ne, Amang Sintua. Biyu, irin na kowa."

"Kin san Ompu Dorlan yana hanya."

"Ni na sa aka kira shi."

Ya zauna a bakin tabarma yana murza hular. "A coci ba mai cewa uffan, mun san wanda muka ba da gaskiya gare shi. Amma wannan ba maganar coci ba ce, ta dangi ce."

"Ashe Maruhum biyu ne, ɗaya na coci ɗaya na dangi? Ni dai ɗaya na wanke."

Bakinta ke nan, amma tana jin tsoro. Game da inda mijinta ya tafi ba ta da ko ɗigon shakka. Abin da take tsoro na nan duniya ne. Ompu Dorlan shi ne babban gida, maganarsa ita ce yanke. In ya ce a naɗe, samari za su zo su danne hannuwan da ƙarfi ko da ƙashi zai karye, Maruhum ya shiga ƙasa da alamar mai kaya a idon duk garin da ya ji tubansa. Wannan ne ba ta san ko za ta iya tsayawa ta gani ba.

Da la'asar motar Medan ta tsaya a ƙofar gida. Ɗaki ya riga ya cika, mata suna zaune kewaye da gawar da mayafan ulos a kafaɗa, suna rera waƙar sujada a hankali. Ompu Dorlan ya shigo da sandarsa, dogo, fari fat da furfura. Ya tsaya daga wajen ƙafafu. Idonsa ya sauka a kan hannuwan, waƙa ta mutu a bakin mata.

Tsakanin yayan miji da matar ƙane a wurinmu akwai kunya mai nauyi. Ba sa zama a tabarma ɗaya, ba sa miƙa wa juna abu hannu da hannu, ba sa magana kai tsaye. In ta kama dole sai a bi ta bakin wani, ko da ginshiƙin ɗaki ne. Don haka Ompu Dorlan ya juya wajen dattijon ikilisiya, ya kira shi Lae, kiran girmamawa tsakanin maza.

"Lae Naibaho, a tambayar mini mai aikin nan, 'ya'ya nawa mutumin nan ya aurar."

Sintua ya buɗe baki, amma Dameria ba ta bi ta kansa ba. Ta sunkuya kan mijinta ta gyara masa wuyan riga.

"Tsoho, gaya wa Abang ɗinka ko ɗaya. Gaya masa ba mu nemi ɓauna ba, ba mu nemi ganga ba, waɗannan na masu 'ya'ya ne, a bar musu abinsu. Hannuwa kawai."

"Lae, a gaya mata hannu a buɗe na wanda ya sauke kayansa ne. Wannan kuwa kowa a ɗakin nan ya san abin da yake ɗauke da shi."

"Tsoho, gaya masa gaskiya ya faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ka kashe Tumpal, da bakinka ka faɗa. Ni na wanke shi, ba mai ba ni labarin yadda ruwa ya mai da shi. Amma gaya masa akwai wanda aka miƙar wa hannuwa a kan itace saboda irin wannan kayan, kuma ban ji ya ce ban da na gidan Sitanggang ba. In jininsa bai isa ya wanke Laraba ɗaya ba, a rufe cocin mu shanya albasa a ciki."

Wata tsohuwa ta toshe baki da ulos. Fuskar Ompu Dorlan ta yi ja. Ya buga sanda a katakon ɗaki, ya nuna gawar da yatsa.

"Gaya wa matarka ba ita ta ɗauko Tumpal daga bakin ruwa ba! Gaya mata..."

Nan ya tsaya. Shi ma ya ji abin da kowa ya ji, cewa da Maruhum yake magana, karo na farko cikin shekara talatin da ɗaya.

Dameria ba ta ɗaga kai ba. "Tsoho, gaya masa ga ka nan a gabansa. In naɗewa za a yi, ni ba zan yi ba, ba kuma zan hana ba. Shi ne babba. Amma kada ya aiko 'ya'yan mutane. Ya naɗe da kansa."

Ta ja da baya har jikin bango, ta bar masa wuri. Ta haɗa hannu a cinya tana addu'a ba tare da motsa leɓe ba.

Ya ba wani sandarsa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara. Ya kama hannun dama na ƙanensa da hannu biyu ya ja shi wajen ƙirji. Hannun bai bi ba. Ya ƙara ƙarfi, kafaɗar gawar ta ɗan ɗago daga tabarma, hannun yana nan yadda aka ajiye shi. Mai son ya naɗe shi sai ya karya, kuma kowa ya ga tsohon ya gane haka. Bai ƙara ja ba, bai kuma saki ba. Ya zuba wa tafin ido, tafi mai kanta kamar fatar ɓauna, da wani tsohon tabo a gindin babban yatsa.

"Wannan ƙugiya ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kana ɗan shekara bakwai. Ni na cire maka da reza, kana ihu kana zagina."

Sa'an nan ya ci gaba.

"Maruhum, ranar nan Tumpal mota zai hau ya zagayo ta hanya. Ni na hana. Na gan ka a rumfa, na san ka sha. Na ce masa ya bi jirginka ya sa maka ido. Da na je na ƙwace makullin injin a hannunka, amma ina jin kunyar a ga muna kokawa a kasuwa, sai na aika shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwar 'ya'yana. Ya fi mini sauƙi kayan ya zama naka kai kaɗai."

Dameria ba ta taɓa sanin wannan ba. Wani fushi ya taso mata. Shekara talatin da ɗaya mijinta yana miƙa hannu ana neman ashana, ashe mai neman ashanar da rabonsa a ciki. Tana da maganganu a bakinta da za su iya feɗe tsohon nan a gaban jikokinsa, kuma ta san ba wanda zai ga laifinta. Ta dube shi, a durƙushe, hawaye yana ɗiga a kan baƙar kwat ɗin da ta goge da safe. Ta tuna cewa abin da ta gama faɗa da ƙarfi yanzun nan, in gaskiya ne ga Maruhum, gaskiya ne ga wannan ma, ko ta so ko ta ƙi. Ta haɗiye sauran.

"Tsoho," ta ce, "gaya wa Abang ɗinka wurin da ka sauke naka bai cika ba. Akwai sauran fili. Gaya masa kuma ranar da za a tashe ku, Tumpal ma za a tashe shi, ba igiya a ƙafarsa. Ku uku sai ku ƙarasa hirarku."

Ompu Dorlan ya kifa goshinsa a kan hannun. Sintua Naibaho ya juya fuska yana share ido da hula, wata daga cikin matan ta ɗauko waƙar daga inda ta yanke, sauran suka bi ta.

Ana cikin haka kafinta ya leƙo daga bakin ƙofa, awo rataye a wuya, garin katako a gashinsa. Bai san abin da ya faru ba, shi dai rana tana faɗuwa kuma aiki yana jiransa. Ya duba gawar, ya sosa ƙeya.

"Ompung, a yi haƙuri. Na riga na yanka katakon akwati daidai da mai hannu a ƙirji, don haka na zata. In haka za a bar shi, ba zai shiga ba. Me za a yi?"

Idanu duka suka koma kan Ompu Dorlan. Tsohon ya ɗago kai, hannun yana nan cikin nasa.

"Ka sake yankawa," ya ce. "Ka ƙara faɗi ta kowane gefe. Kada hannun ƙanena ya matsu."